Yadda na nemo agogon shiga fadama, da abin da muka tarar da aka buɗe bayan na kasuwa

Ni dai aikina noman rani ne, shinkafa, a fadamar da ke ƙasan Argungu, kuma duk wanda ya san wanga aiki ya san tun daga dashe har a kai ga yanka hannunka da ƙafarka cikin ruwa da laka suke wuni. Waya bata da wani amfani a wurin, ko dai tana ƙulle cikin leda a aljihun rigar da ka rataye can bakin gona, ko kuma caji ya ƙare tun kafin azahar saboda neman sabis da take yi. To mu uku ne muke haɗa injin ban ruwa ɗaya, kowa da awanninsa, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 maganar "bari in ƙara minti goma" ta daina zama wasa, don minti goman nan fetur ne, har an fara ɗan samun tsamin rai tsakaninmu kan waye ya wuce lokacinsa waye bai wuce ba. Shi yasa nace bana sai na nemi agogon hannu na kirki wanda zan ɗaura in manta da shi.

Abin da nake buƙata ba wani mai yawa bane. Ya jure ruwa da gaske, ba na fadama kaɗai ba har na alwala, don mutane na mantawa cewa agogon musulmi sau biyar yake haɗuwa da ruwa kullum ko da ofis yake aiki, kuma ni ba zan tsaya ina kwancewa ina ɗaurawa ba. Ya jure zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a nan, da zufa, da ƙurar hunturu wadda ba inda bata shiga. Ya jure fizgar igiyar inji da hawan babur kan hanyar da duk ramuka ce. Ya zama ina iya ganin lokaci da duhun asuba. Sai kuma kuɗinsa kar ya taɓa kuɗin taki.

Da na faɗi haka a guruf ɗinmu na gida a WhatsApp, kafin kace me ƙanena dake karatu a Aliero ya cika min waya da hotuna daga wajen masu talla a Instagram, duk agogunan ƙarfe masu baƙar fuska da zobe mai lambobi a kewaye, an rubuta Rolex an rubuta Submariner, ƙasa kuma an rubuta 300m. Yace Yaya ai wanga na masu nutso cikin teku ne, in zai iya mita 300 ina ga ruwan fangali da bai kai gwiwa ba, kuma otomatik ne ba ruwanka da batir. Maganar ta ɗan shige ni gaskiya, don hujjar tasa a baki tayi daidai. Submariner na gaske tun 1953 ake yinsa kuma don ruwa aka yi shi, wannan ba gardama. Amma na gasken sabo baya kasa dala 9,000, wanga kuma ana cewa a turo kuɗin da bai kai buhun shanshera ba a kawo maka har tasha, to kaga ba sai an kira malami ba an san kwafi ne. Tambayar da ta rage ita ce, kwafin zai yi aikin ko ba zai yi ba, don ni sunan da ke fuskar bai dame ni ba, shinkafa bata karatu.

Babban yayanmu yana da irinsa, ya saye shi da daɗewa yana sawa ranar Juma'a da wajen ɗaurin aure. Na aro shi na riƙa gwada shi da agogon waya duk safiya. Wata rana ya yi gaba da kusan minti ɗaya, wata rana ya ja baya, in ya kwana kan tebur fuska sama daban, in ya kwana a kishingiɗe daban, in kuma na wuni ban motsa hannu sosai ba kafin gari ya waye ya tsaya cak. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga ruwa da shi, yace wa, shi ko alwala zai yi cirewa yake ya sa aljihu. To nan na fara jin wani iri.

Sai na shirya na tafi Birnin Kebbi babbar kasuwa, wajen masu agogo da tabarau. Wanda na tsaya wajensa mutumin kirki ne, bai yi min ƙarya ba ko kaɗan, wanga kam dole in faɗa. Ina nuna hoton yace Alhaji wane giredi kake so, akwai na yara, akwai fas kwafi, akwai kuma wanda ko mai kamfanin sai ya sa gilashi kafin ya gane. Ya fiddo su ya jera kan kyalle. Daga nesa duk ɗaya suke. Da ka ɗauka a hannu sai bambanci ya fito, na farkon shafal ba nauyi sarƙarsa na ƙara kacau-kacau, na biyun da ɗan nauyi, na ukun kuwa wallahi ya yi kyau, sanyi a hannu, gilashi garau, sai da naji zuciyata ta motsa. Nace masa ni fa gona zan shiga da shi, ruwa da laka. Ya yi dariya yace to Alhaji rubutu dai ga shi nan 300m, amma shi bai taɓa shiga gulbi da shi ba balle ya rantse.

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo a layin, ɗan teburinsa da akwatin gilashi cike da matattun agogunan da masu su basu dawo karɓa ba, tun muna yara mahaifinmu wajensa yake kai Seiko 5 ɗinsa. Na roƙi mai shagon ya bari a kai su wajen Baba ya buɗe bayansu a gabanmu, in naga abin da ya kwanta min zan saya, in ban saya ba zan biya ladan buɗewa in kuma bashi na goro. Ya ɗan yi jim, sannan yace ba komai tunda Baba ne.

Baba ya maƙala ɗan gilashinsa a ido ya ɗauki na farko. Bayansa an yi masa zane-zanen haƙora kamar wanda ake murɗewa, amma Baba ko kallon abin murɗewa bai yi ba, ɗan bakin wuƙa ya sa a gefe ya ɓanɓare shi ɓas. Ciki kusan fayau, wani farin zoben roba ne ya cike wurin, a tsakiya ɗan inji mitsitsi da bai fi farcen babban yatsa ba da ɗan batir a maƙale, alhali a fuska an rubuta kalmomin da ke nufin mai wani da kansa ne, wato otomatik mai aiki da sifirin ba batir ba. Yace "ɗana diba nan, wanga batir na, ba otomatik ba, kuma ko suna babu ga injin." Ya nuna min hannun sakan yadda yake tsalle ɗaya-ɗaya, tak, tak, yace duk agogon da kagga shina haka batir na komi anka rubuta. Zoben robar da ya kamata ya hana ruwa shiga ta marfi babu shi ma sam, ƙarfe ne kan ƙarfe. Abin mamaki kuma Baba yace cikin ukun wanga zai fi riƙe lokaci daidai, don injin batir ko na banza ne ya fi mai wani daidaito, abin da zai kashe shi ruwa ne da tsatsa, kuma jikin ba bakin ƙarfe bane wani gami ne aka shafa wa ruwan azurfa, zufar wata biyu zata fara cinye shi ya riƙa bar maka kore a hannu.

Na biyun sai da ya ɗauko wata ƙwallon roba mai danƙo ya danna a marfin ya murɗa. Wanga kam otomatik ne da gaske, ga faifan ƙarfen nan mai siffar rabin wata yana juyawa in an karkata agogon, shi ne ke ɗaure sifirin da motsin hannunka, ga ɗan wilin nan yana kai da komo da sauri da siririn gashin ƙarfe a tsakiyarsa. An buga tambarin kambi irin na Rolex a kan faifan amma da Baba ya taɓa da hantsaki sai ga shi sitika ce. Yace wanga shi ake kira 2813, ɗan Chana, kuma ya fi kowane yawa cikin kwafin da ake kawo masa. Ya miƙo min gilashin in duba da kaina, ban iya riƙe shi da ido ba sai da hannu, amma na gani, akwai wani ɗan zare kamar na tsumma kwance kusa da haƙoran, da ɗan burbushin ƙarfe, kan sukurori biyu duk a ƙwarzane alamar wanda ya ɗaura da gaggawa yake. Wasu daga jajayen duwatsun nan da ƙafafun giya ke juyawa a ciki a bushe suke ƙayau, wani kuma an malala masa mai har ya bi jiki.

Nan Baba ya yi maganar da ta fi tsaya min. Yace "injin ga ba shi da laihi ga zanenai, in anka wanke shi anka sa mai inda ya dace shina shekaru. Matsala ba wanda ad duba shi kahin ya hito. Goma za ka saye, ukku su yi lahiya, sauran sai abin da Allah Ya yi." Wato kamar ka sayo sabon injin ban ruwa ne ka tayar da shi ba tare da an duba ko akwai baƙin mai a ciki ba, ranar farko zai yi ta aiki kana murna, ciki kuwa ƙarfe na cin ƙarfe. Kuma kuɗin wanke shi da sa mai a wajen wanda ya iya ya kusa kuɗin sabon inji, shi yasa in ya mutu ba a gyarawa, cire shi ake a jefar a sa wani.

Na ukun mai tsadar shi ne mai shagon ke ta cika baki a kansa, wai injinsa kwafin na Rolex ne sak, 3135, har hannun sakan ɗinsa na tafiya sumul. Gaskiya ne yana tafiya sumul, don irin wanga bugu 28,800 yake a awa, takwas kenan a sakan ɗaya, shi kuwa na biyun 21,600 ne, shida a sakan, in ka ƙura ido zaka ga ɗan rawar da yake. Cikinsa ma da tsafta ba laifi. Amma Baba ya juya shi ya juya sannan ya rufe ya ajiye, yace shi baya karɓar gyaran irinsa. Nace Baba don mi? Yace don in wani abu ya karye ciki ba inda zai samo shi, ba Sakkwato ba Kano, kayan na gaske basa shiga duka kuma ko suna shiga kuɗinsu ya fi agogon, masu yin kwafin kuma ba su da adireshi balle ka aika a kawo, yau wanga masana'anta gobe an rufe ta wata ta buɗe da wani zubi. To kaga mafi tsadar shi ne ya fi zama maraya ranar da ya samu matsala, abin da ban taɓa kawowa a raina ba kenan, ni a tunanina in ka ƙara kuɗi ka ƙara kwanciyar hankali.

Na tambaye shi to cikin masu wani wanne yake yarda da shi. Yace in ya buɗe yaga NH35 ko Miyota 8215 na gaske hankalinsa kwance yake. Wannan NH35 na gidan Seiko ne suke sayar wa kowa, duwatsu 24, in ya cika yana kai awa 41 a ajiye, Miyota kuma na gidan Citizen ne, duka na Japan, kuma ana samunsu a kasuwa in ya lalace a sauya gaba ɗaya. Wasu kwafin ana sa musu irin waɗannan injina kuma suna aiki shekara da shekaru. Sai dai abu biyu. Na farko mai talla a waya zai rubuta maka "injin Japan" ko me ke ciki, ba ka da hanyar sani sai an buɗe, kuma wa zai bari ka buɗe kayan da aka sako maka a mota daga Legas bayan ka riga ka tura kuɗi. Na biyu ko NH35 ɗin na gaske, abin da kamfanin da kansa ya yi alkawari shi ne tsakanin jan baya na sakan 20 da yin gaba na sakan 40 a rana, wato a sati yana iya kauce maka da minti uku ko huɗu kuma ba a ce ya lalace ba. Rolex na gaske sakan 2 suke alkawari a rana, to wannan kuɗinsa ka biya. Agogon batir na Casio mai araha kuwa sakan 30 ne a wata guda cur, saboda shi wani ɗan dutsen kwaz ne ke kaɗawa sau 32,768 a sakan, ba sifirin da gashin ƙarfe ba. Tun da Seiko suka fito da agogon hannu mai kwaz na farko a ƙarshen 1969 aka gama wannan gardamar ta daidaito, sauran sha'awa ce, kuma sha'awa ba laifi bace, ni ma ina son jin ƙarar nan ta cik-cik-cik in na kara a kunne.

Amma duk wanga bayanin inji, abin da ya yanke min hukunci ba injin bane, gidan ne. Baba ya zaro kan da ake murzawa a saita lokaci na mai tsadar ya nuna min, shi ana murɗe shi ya kulle kamar na gaske, da ɗan zoben roba a ciki, amma zoben a bushe ba a shafa masa man silikon ba, na marfin baya kuma ya ɗan fita daga raminsa har marfin ya cije shi a gefe. Yace mai yiwuwa ya hana ruwa, mai yiwuwa kuma alwalar farko ka ga gumi ya taru cikin gilashi, ba wanda ya sa shi a injin gwaji kafin ya baro inda aka yi shi, 300m ɗin an kwafo ne tare da sauran rubutun. Ya jawo wani daga akwatinsa irin wannan zubin ya buɗe min, ciki ja wur da tsatsa, hannuwan sun manne, yace mai shi ruwan sama ne kawai ya doke shi kan babur daga Kalgo. Ƙari kuma mai wani baya son duka, fizgar igiyar inji ko saran fartanya na iya karkatar da gashin nan ko karya ƙafar wilin, baya kuma son mayen ƙarfe, ka ajiye shi kan sifika ko jikin rediyo sai ka ga ya fara gudu kamar an kore shi.

Na biya Baba na ba mai shago na goronsa muka rabu lafiya, har yace in zan yi aure na biyu in dawo ya bani mai tsadar a farashin sari.

Daga nan na koma neman na batir mai jikin roba, kuma duk wanda ka tambaya G-Shock zai ce maka. Suna da dalili, tun 1983 Casio suka fito da shi, wani injiniyansu Kikuo Ibe ne ya ƙirƙiro shi da niyyar agogon da zai faɗo daga mita 10 bai fashe ba, injin a ciki kamar a rataye yake tsakanin robobi, kuma mita 200 suke rubutawa na ruwa. Har akwai wanda suke kira Mudman da aka rufe maɓallansa musamman saboda laka, wanda in da hali shi ne na fadama sak. To amma nan ma wata sabuwa, jabun G-Shock a kasuwanninmu ya fi jabun Rolex yawa nesa ba kusa ba, kowane mai tebur na da su kala-kala ja da kore da ruwan sojoji, kuma shi wanga jabun ya fi haɗari don mai sayen Rolex na kuɗin cefane ya san abin da ya saya, mai sayen G-Shock kuwa sau da yawa yana zaton na gaske ya samu da araha. Na ga wanda ƙananan agogunan da ke cikin fuskarsa fenti ne kawai basa motsi, na ga wanda sukurorin gabansa roba ce aka yi musu siffa, wani maɓallansa huɗu amma biyu aiki ɗaya suke. Na gasken kuma da na tambayi kuɗinsa wajen masu kawowa daga waje, da canjin dala na lokacin, sai naga taki zai taɓu.

Wani ya so ya haɗa ni da na hannu, mai sola wanda ake cewa yana saita kansa da kansa ta iska, an rubuta Multi Band 6. Solar kam abu ne mai kyau ga mai wuni a rana irina. Amma saita kan nan tashoshi shida ne ke aiko da siginar, biyu a Japan, ɗaya a Chana, ɗaya a Amurka, ɗaya a Ingila, ɗaya a Jamus, ba wadda aka yi don ta kawo nan, to me zai sa in biya kuɗin abin da ba zai yi min aiki a Kebbi ba. Kuma na hannu baka san sau nawa aka buɗe shi ba, baka san halin da zoben robarsa ke ciki ba. Na duba ƙaramin nan F-91W da kowa ya sani, na ɗalibai da masu gadi, tun 1989 ake yinsa batirinsa na kai shekara 7, na gaskensa in ka danne maɓallin dama na ɗan sakanni sai ya rubuta CASIo a fuska, duk da yanzu wasu masu jabun ma sun koyi wannan. Agogo ne mai rai tara amma na fantsalin ruwa ne a ƙa'ida, fitilarsa kuma sai a hankali. Wanga lissafin mita ma ya kamata mutane su gane shi, 30m ba yana nufin ka nitse mita talatin ba, wanke hannu ne da yayyafi, sai daga 100m ne ake cewa ka yi iyo da shi hankali kwance.

Wanda na tsaya a kansa shi ne AE-1200WH, shi ma Casio, mai kusurwa huɗu da ɗan taswirar duniya a sama. Ba G-Shock bane, ba a yi masa alkawarin faɗuwa ba, amma 100m ne, batir CR2025 da suka ce shekara 10, yana da agogon ƙirga lokaci baya wanda shi ne ainihin abin da nake so saboda rabon ruwa, ka sa masa awa biyu in ta cika ya yi ƙara kowa ya ji ba gardama, sannan yana da alam guda biyar. Biyar fa. Ban san ko mutanen Japan sun yi tunanin salla ba amma ta zo daidai, sai dai kana ɗan gyara su lokaci-lokaci don lokutan na matsawa da yanayin shekara, ba kamar Al-Fajr da alhazai ke kawowa tsaraba ba da ke lissafa kansa.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata dake kasuwanci a Kano shi ya nemo min wajen wanda ya yarda da shi, nace kar ya biya sai ya turo min hoton baya da kwali da takardar ciki. A marfin baya akwai lamba huɗu cikin ɗan akwati, ita ce lambar injin, na wanga 3299, kuma dole ta zo ɗaya da wadda ke kan takardar bayani, rubutun kuma a sassaƙe yake tsaf ba a karkace ba, sukurori huɗu na ƙarfe na gaske. Nace ya yi min bidiyo yana canza gari, don a na gasken in ka canza gari baƙin layin da ke kan taswirar na matsawa, ɗan zagayen da ke gefen hagu kuma hannuwansa na tafiya da lokaci, wanda na gani a tebur a Birnin Kebbi taswirarsa hoto ce kawai. Duk suka yi daidai sannan ya sako shi a motar Sakkwato.

Da ya iso ban kai shi gona kai tsaye ba, wajen Baba na fara biyawa. Bai buɗe ba, yace sabon agogon da ba shi da matsala ba a buɗe shi, duk buɗewa rage masa ƙarfin hana ruwa ne. Abin da ya yi, ya sa na tsoma shi cikin kofin ruwa muka yi hira, ya fiddo ya goge ya ajiye shi a rana ya ɗan yi ɗumi, sannan ya ɗiga ruwan sanyi na leda a kan gilashin ya jira kaɗan ya share, yace in da ruwa ya shiga da ka ga hazo ta ciki daidai wurin ɗigon. Babu komai, garau. Yace "to tahi, amma kak ka danna maɓalli shina cikin ruwa, kuma in kat taso gona ka ɗauraye shi da ruwa mai kyau kahin laka ta bushe ga maɓallan."

Saita shi ya ɗan ci min rai don babu Legas ko Abuja a jerin garuruwansa, sai da ƙanen nawa ya gano cewa Faris zaka zaɓa, PAR, lokacinsu na asali ɗaya da namu, amma ka tabbata DST, wato ƙarin awa ɗaya da Turawa ke yi wa agogonsu lokacin zafi, a kashe yake in ba haka ba zai yi gaba da awa ɗaya. Lokaci na biyu na sa masa Jidda, JED, awa biyu gaba da mu, saboda yayarmu dake can.

Agogon ya yi noman rani ɗaya da damina yanzu. Gilashinsa roba ce ba gilashin gaske ba, don haka ya kwashi ƙarce ba kaɗan ba, akwai wani dogo da bakin tiyo ya yi masa, ana dai ganin lambobi lafiya. Fentin azurfar gefen ya fara gogewa a kusurwa, da na sani baƙin zalla ma ya fi. Ƙarar alam ɗin bata da ƙarfi in inji na aiki kusa da kai, sai ka ɗan matsa nesa ko ka riƙa dubawa. Lokaci kuwa tunda na saita sau ɗaya na taɓa shi, shi ma sakanni ne. Abokan haɗin injin ɗaya ya riga ya sa an kawo masa irinsa, ɗayan yace shi nawa ya ishe mu duka tunda ni ke tsaye a wurin.

Ƙanena har yanzu otomatik ɗin nan yake so, na kwalliya, nace ba matsala kuɗinsa ne, amma ya nemi wanda aka rubuta sunan masu shi na gaskiya a fuska da NH35 a ciki, akwai su da yawa 'yan Chana masu sunan kansu da basa fakewa da na wani kuma kuɗin bai kai na kwafin mai tsada ba, in ya zo kuma Baba zai buɗe kafin a gama biya. Ni abin da ya rage min maɗauri ne, na robar nan in bazara ta yi zufa na taruwa ƙarƙashinsa har ya fara fiddo min ƙuraje, ina neman na zare irin na sojoji mai faɗin milimita 18 wanda zan riƙa wankewa ina shanyawa, na tambaya a Argungu da Jega ban samu ba sai na fata, fata kuma da alwala wata ɗaya ta fara wari. Na dai sake yi wa na Kano magana ya duba min Sabon Gari.